Rawar Inji a Silo: Tsofaffin Marsandi a Hanyoyin Batsari da Safana

Tsohuwar motar alfarma, irin Marsandi ƙirar W124 da Jamus ta fara fitarwa a tsakiyar shekarun 1980, takan daɗe tana aiki, amma idan shekaru suka ja sai ta fara rawa a silo, wato lokacin da inji ke kunne ba a taka totur ba. Lafiyayyen inji a wannan hali yakan riƙa juyi kusan 600 zuwa 800 a minti ɗaya ba tare da tangarɗa ba, alhali mai matsala ko dai ya riƙa kakkarwa, ko kuma ƙararsa ta riƙa hawa da sauka kamar mai haki. A ƙananan hukumomin Batsari da Safana, inda hanyoyi da dama ke bi ta gefen dajin Rugu mai fama da 'yan bindiga, motar da ke mutuwa duk lokacin da direba ya rage gudu a kan rami barazana ce ga ran waɗanda ke cikinta.

Injin fetur yana buƙatar iska kimanin kashi 14.7 ga kowane kashi ɗaya na mai, a ma'aunin nauyi, kuma yawancin hawa da saukar silo daga rikicewar wannan haɗi suke tasowa. Zafin rana yana busar da tiyon robar da ke kai iska cikin inji har ya tsattsage, sai iskar da ma'aunin iska bai ƙirga ba ta riƙa kutsawa, mai ya yi mata kaɗan, juyin inji ya faɗi. Daga nan kwamfutar motar takan buɗe bawul ɗin silo domin ta ceto shi, juyin ya zarce, ta sake rufewa, haka abin zai yi ta maimaituwa. Ƙurar hunturu da ta hanyoyin burji na yankin takan ƙara dagula lamarin, domin tana toshe matatar iska, tana kuma haɗuwa da tururin baƙin mai ta danƙare a wannan bawul har ya kasa motsi da sauri. Wani abin takaici shi ne al'adar cire tamostat, wato na'urar da ke tsare zafin ruwan inji, da sunan wai ƙasarmu ba ta sanyi, alhali cire ta yana jinkirta ɗumamar inji, kwamfuta ta ci gaba da zuba mai fiye da kima, fulogai su yi baƙi.

Shi ma man da ake sha abin tuhuma ne. Fetur ɗin jarka yakan zo da ruwa ko yashi, kuma tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 masu motoci da yawa ke yawo da tanki kusan wayam, abin da ke iya sa famfon mai ya zuƙo dattin ƙasan tanki ya aika wa matata da nozul.

Bakanike mai lura yakan fara da tambayar ko rawar da sanyin safiya take zuwa ko bayan inji ya yi zafi, sannan ya rarrabe kakkarwa da haki, tunda kakkarwa galibi alama ce ta silinda guda da ba ta kama wuta. Yakan cire wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya, kuma wadda aka cire amma ƙarar ba ta sauya ba, a silindarta matsalar take. Don gano ɓular iska kuwa, akan fesa ɗan maganin wanke kafireta a mahaɗar tiyo cikin taka-tsantsan saboda gobara, inda juyi ya sauya nan tsagar take. Na'urar binciken kwamfuta ta OBD-II, wadda Amurka ta wajabta daga 1996, ba ta shiga yawancin Marsandin da suka girmi wannan shekara, saboda haka kunne da tsarin bincike su ne abin dogaro. Murɗa sukurun silo ɓoye ciwon kawai yake yi, sannan bai dace a sauke inji ko a aika kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano sayen kwamfutar mota ba, sai an auna ƙarfin matsin kowace silinda da na famfon mai.