Tsofaffin kat-kat a Tasawa da Mayahi: an bar jaki ana dukan taiki

Duk wanda ya bar kwaltar da ta haɗa Maraɗi da Damagaram ya nufi Urafan, Kanambakashe ko Gidan Amumun, ya san dalilin da ya sa mota mai ja da ƙafa huɗu, wadda aka fi sani da kat-kat, take da daraja a gundumomin Tasawa da Mayahi. Da rani rairayi ne, da damina kuwa taɓon Gulbin Kaba. Ita ke ɗaukar ɗan kasuwa da buhunan wakensa, ita ke kai ma'aikaci rangadi, ita ke fito da mai naƙuda daga ƙauye zuwa asibiti. Yawancin waɗannan motoci tsofaffi ne, waɗansu an saye su a gwanjon ma'aikatu da na furoje, waɗansu sun yi tsufansu a Turai kafin su sauka Kwatano ko Lome. Wani ciwo da ke cinye kuɗin masu su shi ne wanda ake kira "ƙwaƙwalwa ta mutu". Sau da yawa kuwa ƙwaƙwalwar lafiyarta lau.

Mota iri biyu, suna ɗaya

Wajibi ne mai mota ya fara sanin abin da ya mallaka. Injin gazuwal 1HZ, wanda kamfanin Toyota ya fito da shi a 1990, famfonsa na ƙarfe ne zalla, ba shi jiran umurnin kwamfuta. Amma Land Cruiser 80 mai injin esansi 1FZ-FE, wanda ya fito a 1992, da Land Cruiser 100 ta 1998 mai esansi, akwai ƙaramin akwati a bayan dashbod da ke lissafa yawan man da za a fesa. Shi ne ƙwaƙwalwa, makanikai na ce da shi kalkilater. Akwatin nan ba shi gani, ba shi ji. Abin da ma'aunai suka faɗa masa ta waya, da shi yake aiki. In an yi masa ƙarya, sai ya yi hukunci bisa ƙarya.

Ɗaya daga cikin masu kai masa labari shi ne ma'aunin totur, wato kaftar ɗin papiyon. Yana manne a bakin maƙogwaron da iska ke shiga inji. Ƙwaƙwalwa na aika masa bolt 5, shi kuma yana mayar da wani kaso gwargwadon yadda direba ya taka: ƙasa da bolt 1 in ƙafa na sama, wajen bolt 4 in an taka har ƙasa. A cikinsa wani ɗan harshe ne ke goga a kan layin gawayi. Bayan shekaru ashirin ko talatin, wurin da aka fi gogawa yakan cinye. Daga nan inji ya riƙa hawa da sauka shi kaɗai, mota ta riƙa fizga, ta mutu a mararraba, ta sha mai fiye da kima. A kan kwalta abin haushi ne kawai. A cikin rairayi kuwa, inji ya yi shakka na daƙiƙa ɗaya, ƙafafu sun nutse.

Yadda ake tambayar mota

Tsofaffin Toyota suna faɗin ciwonsu da kansu. Kusa da inji akwai ɗan akwatin bincike. A haɗa ramin TE1 da na E1 da guntuwar waya, a murɗa makulli ba tare da an tada inji ba, sai fitilar inji ta fara ƙiftawa. Ƙifta huɗu, ɗan shiru, ƙifta ɗaya, lamba 41 ke nan, wato saƙon ma'aunin totur ba daidai yake ba. Motocin baya kuwa suna da baki mai rami 16 na tsarin OBD, wanda ya zama dole a Amurka a 1996, a Turai kuma a 2001 ga masu esansi. Su na'urar bincike ake jona masu, wadda ake kira baliz, kuma lambobin P0120 zuwa P0123 ke nuna wannan ciwo.

Sai dai lambar tana nuna layin da matsala take ne, ba ta ce ma'aunin ya lalace ba. Saboda haka aiki yana da tsari. A fara da batir: bolt 12,6 in inji na kashe, kusan 14 in yana tafiya. A kankare kawunan batir da wayoyin mas da ke ɗaure a jikin inji. A cire fulogin ma'auni a duba tsatsa, domin ƙurar hunturu da ruwan wankin inji nan suke taruwa. A bi wayoyi da hannu, tunda zafin watan Afrilu na busar da roba, a ƙauye kuma ɓera na yin sheƙa a cikin inji. Sannan a sa mitar awon lantarki a buɗe totur sannu a hankali. In awo ya hau sumul, ma'auni lafiya yake. In ya yi tsalle ko ya faɗi sifiri a tsakiya, an kama ɓarawo. A kuma tuna cewa a motoci da yawa ma'aunai da dama ke shan bolt 5 ɗin nan daga tushe guda. Waya ɗaya ta taɓa ƙarfe, duka su yi shiru, a ce ƙwaƙwalwa ta ƙone.

In da gaske ita ce

Ƙwaƙwalwa na lalacewa, amma galibi da hannun mutum. Cire kan batir inji na tafiya don a gwada altanato, juya wayoyi wajen ara wa mota wuta, yin walda a jikin mota ba a cire fulogin akwatin ba, waɗannan uku sun kashe akwatuna da yawa. Akwai kuma ciwon tsufa: ƙananan kondansato na akwatunan shekarun 1990 sukan tsiyayar da ruwansu ya ci allon. Mai gyaran rediyo da ya ƙware yana iya canza su da kuɗi kaɗan, in an kai masa da wuri.

Wanda ya zama dole ya sayi wani akwati a Maraɗi ko kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ya tafi da lambar da ke rubuce a jikin nasa. Akwatin mota mai giyar hannu dabam yake da na otomatik, na Turai dabam da na ƙasashen Larabawa, na motocin baya kuma a ɗaure yake da makullinsa. In kuma ba a gyara wayar da ta kashe na farko ba, na biyun ma zai bi shi.

Abin da ya rage ga ɗan kasuwa da shugaban ma'aikata shi ne tambaya ɗaya kafin a buɗe lalita ko a sa hannu a takardar oda: wace lamba mota ta bayar, kuma bolt nawa aka auna? Makanikin da ya amsa wannan ya cancanci ladansa. Wanda ya kasa, hasashe yake sayarwa, motar kuwa tana nan kan duwatsu a garaji har damina ta wuce.