Ajin Sinadarai a Yakite: Sai Gida Ya Sani

A wata makarantar kuɗi da ke Yakite, cikin unguwar Kilomita Biyar ta birnin Bangui, malamin kimiyyar sinadarai ba ya ƙyasta ashana a aji sai ya fara aika saƙo gida. Gwajin kuwa ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. 'Yar tutiya ce da aka ɓamɓaro daga jikin tsohon batirin tocila, a ɗiga mata asid, iskar haidirojin ta taru a bakin kwalba, a kusanto da wuta ta ce fat. Ƙarar ba ta wuce ta buɗe kwalbar lemo ba. Amma 'yan mata za su yi ihu, samari su hau dukan tebur, wani ya ruga waje don shaƙiyanci. Ajin a jikin katanga yake, bayan katangar kuma ga mai shayi ga 'yan babur. Kafin labari ya isa bakin kasuwa, ya zama wani abu ya fashe a makaranta.

Baƙo zai ce tsoron ya yi yawa. Ɗan unguwa ba zai ce haka ba. Kilomita Biyar ita ce cibiyar kasuwancin babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, inda Hausawa da Fulani da Barebari da Larabawan Cadi da mutanen Mali da Senegal suka daɗe suna saye da sayarwa. Bayan harin 'yan anti-balaka na ranar 5 ga Disamban 2013, ita ce ta zama mafakar Musulmin da suka rage a birnin, Yakite kuma na cikin wuraren da suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Fafaroma Francis ya shigo babban masallacin unguwar ranar 30 ga Nuwamban 2015, aka ɗan samu sa'ida, sai ga artabun Afrilun 2018 tsakanin dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya na MINUSCA da masu ɗauke da makamai, sai kuma na Disamban 2019 lokacin da 'yan kasuwa suka ce sun gaji da biyan masu makaman kuɗin tilas. Yaran da ke zaune a wannan aji yau, da yawansu a bayan iyayensu mata suke lokacin da aka fara gudu. Sannan ga abin da ya faru ranar 25 ga Yunin 2025 a makarantar Barthélemy Boganda da ke cikin birnin, inda taransifoma ta fashe ana tsakiyar jarrabawar bakaloriya, turereniya ta ci ran ɗalibai da dama. Uwar da ta ji an haɗa kalmar fashewa da makaranta ba za ta tsaya tambaya ba, mayafi kawai za ta ɗauka.

Hanyar da hukumar makaranta ta sani ta magana da iyaye ita ce takardar sakamako. Sau uku take fitowa a shekara, da Faransanci, kowane darasi an auna shi a kan maki 20, sinadarai kuma a haɗe suke da kimiyyar fizik a layi ɗaya. Takardar tana isa hannun Alhaji a shago. Mutum ne da zai juya sefa zuwa naira da ka kafin ka ciro waya, ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta bashinsa da ajami, amma Faransancinsa na kwastan ne da direbobin hanyar Duwala. Wa zai karanta masa? Mai sakamakon. Yaro ya zama alƙali a shari'ar kansa, kuma ba a taɓa jin alƙali irin wannan ya ɗaure wanda ake ƙara ba. Maki 7 sai ya koma "Baba, ba laifi, kowa ma haka ya samu."

Wannan ne ya sa makarantar ta koma ga murya. Akwai zauren WhatsApp na ajin. Malamin, wanda daga wata unguwa yake zuwa a kan babur kuma ba ya jin Hausa, yana naɗar saƙonsa da Sango, harshen da ya haɗa kowa a ƙasar. Wani dattijo na ƙungiyar iyayen yara ya maimaita da Hausa, wata baiwar Allah ta sake da Fulatanci. Saƙon gajere ne: ranar kaza akwai gwaji da wuta, za a ji ƙara kaɗan, za a ji wari, kada hankalin kowa ya tashi, ga abin da yaro zai zo da shi, ga ranar jarrabawar aji. Dattijon yakan ƙara nasa gishirin, ya soma da sallama da gaisuwar iyali har saƙon minti ɗaya ya kai uku, iyaye kuma nasa suka fi saurara.

Matsalar ita ce saƙo na iya kwana a hanya. Wutar da ake kawowa daga Boali ba ta isar birnin, rabonta ake yi unguwa-unguwa, waya takan yini a wajen mai caji, kuɗin data kuma ba kullum ba. Babbar matsalar ma ba wannan ba ce. Lambar da makaranta ta rubuta ta maigida ce, shi kuwa tun asuba ya fita, wani lokaci yana can kan iyaka a Garoua-Boulaï yana jiran kaya. Wadda za ta ba yaro abin da malam ya nema tana cikin gida ba ta ji ba. A ganina nan makarantu da yawa ke kuskure: suna magana da mai biyan kuɗi, su bar mai lura da yaron.

Abin da malam ke nema kuwa duk daga madafa yake fitowa, don makarantar ba ta da ɗakin gwaji, kabad ɗaya ce mai kwaɗo. Busasshen zoɓo, kanwa, lemon tsami, toka, guntun sabulu, gawayi. Ya kafa doka cewa yaro ba ya ɗauko komai da ya wuce waɗannan. Asid da duk wani farin gari shi da kansa yake kawowa, domin ya san irin tambayoyin da saurayi ɗan Kilomita Biyar zai sha idan aka tare shi da kwalbar da ba a gane ba. Ranar darasin asid da kishiyarsa, sai a jera kofunan roba a kan teburin malam, kowanne da ruwan zoɓo ja wur. A matsa lemo a na farko, jan ya ƙara haske. A zuba ruwan kanwa a na biyu, ya dushe ya rikiɗe ya yi duhu-duhu mai ratsin kore. Na uku a sa ruwan toka. Daga nan a matsa lemo kai tsaye a kan ƙwayar kanwa, ta hau kumfa tana tsuwa, malam ya rubuta sunan iskar da ke fita a allo. Yarinyar da ta koma gida da wannan labari takan tarar Inna ba ta yi mamaki ba. Ta shekara talatin tana sa kanwa a wake da miyar kuɓewa, ta san abin da take yi wa tsami. Sunan ne kawai sabo.

Ta nan ne labari ya fara tafiya ta ɗaya ɓangaren, daga gida zuwa aji. Matan da ke dafa sabulu da soda suka fara aiko da tambaya ta bakin 'ya'yansu: me ya sa ruwan ke zafi da kansa idan an zuba sodar? Malam ya amsa, ya haɗa da gargaɗin da ya fi kowane darasi amfani a unguwar da ake sayar da fetur a kwalabe bakin titi: kada a ajiye ruwan soda ko fetur a gorar ruwan sha, kada a gauraya ruwan jabel da wani abu mai tsami wajen wanke banɗaki. Wani uba da ya yi shekaru a harkar lu'ulu'u ya zo makaranta da ƙafarsa, don ɗansa ya gaya masa wai dutsen da ake sayarwa da miliyoyi da gawayin murhu abu ɗaya ne. Malam ya zana masa yadda ƙwayoyin kabon suke jeruwa a kowanne. Ya saurara har ƙarshe, ya ce to Malam, in haka ne a koya wa yaron yadda ake juya wannan ya koma wancan.

Zauren yana da dokokinsa: ba siyasa, ba tura hoton gawa, ba labarin "an ce". Wanda ya karya a cire shi, ko da shi ya fi kowa biyan kuɗi a kan lokaci. Idan bakaloriya ta matso, maganar sinadarai takan ja baya, ta takardar haihuwa da katin shaida ta mamaye, domin gidaje da yawa takardunsu sun ƙone ko sun ɓace a gudun hijira, sake samunsu kuma aiki ne.

Abin da har yanzu ake ja-in-ja a kai shi ne maki. Wasu iyaye maza suna so a karanto na kowa a zauren, sunan yaro da abin da ya samu, wai kunya za ta sa malalaci ya tashi tsaye. Malam ya ƙi. Ya ce yarinyar da aka ji ta samu 4 a gaban unguwa, ba ƙoƙari za ta ƙara ba, cire ta za a yi. Aka tsaya a kan cewa mai son sanin makin ɗansa ya zo makaranta ranar Asabar da safe, a buɗe masa littafi shi kaɗai. Asabar kuwa kasuwa cike take, babu mai rufe shago. Masu zuwa, iyaye mata ne da yayyen yara.