Zogale: Sara Ke Sa Shi Yin Ganye

Ƴan'uwa manoma, daga Ƙonni har Galmi da Badagishiri, in muka shiga garka mukan tarar da zogale, wanda wasunmu ke kira tamakka, ya miƙe kamar sanda. Ganyensa kaɗan ne, can sama inda hannu ba ya kaiwa. Tausayin sara ne ya jawo haka.

Idan ɗan itacen ya kai santimita 60, wato ya ɗara gwiwa, mu tsinke kansa. Zai fid da rassa ta gefe. Su ma in sun yi tsawo, mu rage su. Wanda ya tsufa kuwa, mu sare shi daidai mita 1 daga ƙasa, gab da faɗuwar damina. Addar ta kasance mai kaifi, saran kuma a karkace, don kada ruwa ya kwanta a wurin ya ruɓar da shi. Daga nan sai mu zuba taki ruɓaɓɓe, mu kare sabon toho daga awaki.

Amma kada mu sare duka. Mu bar gindi biyu ko ukku su yi farin furensu, su ba mu iri.

Ganyen da muka tara, mu shanya shi a inuwa. Zafin rana yana rage masa bitamin A, wanda idanun yaranmu ke bukata.