Ƙauyen da Tsofaffi Ke Tsallake Shekaru

A kudancin ƙasar Ikwado, cikin lardin Loja, akwai wani ƙauye da ke kwance a kwari tsakanin duwatsun Andes, ana kiran sa Vilcabamba. Ƙidayar da aka yi a can a 1971 ta fito da lissafin da ya ɗaure wa likitoci kai: cikin mutum 819, tara sun haura shekara ɗari. A Amurka ta wancan zamani, duk da asibitocinta, sai an tara mutum dubu ɗari kafin a samu kamar uku masu irin wannan shekaru. To me talakawan manoman nan suke ci, me suke sha?

Cikin waɗanda suka niƙi gari suka tafi akwai Dokta Alexander Leaf na Jami'ar Harvard, likita ne da ake ji da shi. Ya je Vilcabamba, ya je Hunza a Pakistan, ya je Abkhaziya a yankin Kokeshiya, wuraren da aka ce ana daɗewa a duniya, ya rubuta abin da ya gani a mujallar National Geographic ta Janairun 1973. Daga nan kowa ya kawo nasa bayanin. Wasu suka ce sinadaran ruwan kwarin ne. Wasu suka ce ƙarancin nama da maiƙo a abincinsu ne, wasu kuma suka ce hawan dutse zuwa gona kullum ne ke ƙarfafa zuciya. Duk sun yarda ruwa ba ya tsami banza, sai dai babu wanda ya tsaya ya tabbatar ko ruwan ya yi tsamin.

Leaf da kansa ne ya fara shan jinin jikinsa. Da ya koma ƙauyen, ya tarar wani dattijo da ya taɓa zantawa da shi ya ƙara fiye da shekara goma a kan abin da ya faɗa masa a baya, alhali ko shekara biyar ba a yi ba tsakanin haɗuwar biyu.

Amma akwai takardu. Mutanen ƙauyen Katolika ne, kuma coci na rubuta sunan duk jaririn da aka yi wa baftisma. An sha buɗe wa baƙi tsohon kundi a nuna musu sunan dattijo da ranar da ta haura ƙarni guda. Wa zai yi jayayya da rubutun limamin coci?

Wanda ya yi jayayyar shi ne Richard Mazess na Jami'ar Wisconsin, tare da Sylvia Forman, masaniyar halayyar al'umma. Mazess ƙashi yake nazari, yana son ya auna yadda ƙashin tsofaffi ke zaizayewa. Awon ƙashi kuwa ba shi da amfani in ba a san shekarun mai ƙashin ba: ƙashin da za a yi mamakin ƙwarinsa a jikin ɗan shekara 120, a jikin ɗan shekara 85 ba wani abin a zo a gani ba ne. Saboda haka suka koma tushe. Suka bi gida gida suka sake ƙidaya, suka tattara bayanan haihuwa da na aure da na mutuwa, suka riƙa gwama wannan da wancan.

A nan ƙullin ya fara warwarewa. Ƙauyen ƙarami ne, dangi sun auri juna, sunaye kaɗan ne ke yawo a tsakaninsu. Ɗa yakan ci sunan uba, ko na kawu, ko na wan da ya rasu tun yana goye. Sunan da ke cikin kundin gaskiya ne, ranar ma gaskiya ce, amma sau da dama mai sunan wani ne daban da ya daɗe a ƙasa. Sai an duba su wane ne iyayen da aka rubuta, da lokacin da aka ɗaura aure, da tazarar haihuwar 'ya'ya, kafin a gane wane ne wane.

Da suka jera abin da kowane dattijo ya faɗa a lokuta daban daban, sai wani tsari ya bayyana. Har zuwa wajen shekara 70, abin da mutane ke faɗa bai cika nisa da gaskiya ba. Daga nan ne ake fara tsallake, kuma yana ƙaruwa da tsufa. Akwai wanda a 1944, yana da 61, ya ce 70 yake. A 1970, yana da 87, ana ba shi 121. Sakamakon da suka wallafa a 1979 ya nuna babu ɗan shekara ɗari ko ɗaya a ƙauyen. Mafi tsufa 96 yake, kuma in aka yi matsakaicin lissafin waɗanda ake cewa sun haura ɗari, 86 ake samu.

Saura tambaya guda. Ko bayan gyaran, tsofaffi sun yi yawa a Vilcabamba in an kwatanta da sauran karkarar ƙasar. Amsar tana kan hanyar fita daga ƙauyen: matasa sun tafi birni neman abin yi, an bar tsofaffi a gida, wasu tsofaffin ma sun dawo. Da aka lissafa tsawon rai na ainihi, bai kai na Amurkawa ba. Leaf ya amince da sakamakon a bainar jama'a, kuma wannan abin a yaba masa ne.

Ni dai ba na kiran dattawan nan maƙaryata. A inda furfura ke jawo girma, kuma baƙi ke tahowa daga uwa duniya da kyamara suna neman wanda ya fi kowa tsufa, lamba takan kumbura da kanta. Alhakin tantancewa yana wuyan mai bincike.

Mai binciken lafiyar tsofaffi a Kano ko Damagaram ya fi Mazess shiga tsaka mai wuya, don galibin kakanninmu ba su da ko kundin da za a yi kuskuren karantawa. Tambayi tsofaffi shekarunsu, za ka ga amsoshin sun taru a kan 70 da 80 da 90. Likitocin Jami'ar Ibadan, Adesola Ogunniyi da marigayi Benjamin Osuntokun, sun gwada wata hanya suka wallafa ta a 1993: a yi amfani da jerin manyan abubuwan tarihi da kowa ke tunawa. Maimakon "shekarunki nawa?", sai a ce, "Iya, da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna, an yi miki aure?" Wannan 1956 ke nan. "Da aka kashe Sardauna, goyon wa kike yi?" Janairun 1966. "Da aka canza kuɗi zuwa naira fa?" 1973. Sai a haɗa da shekarun ɗanta na fari, a kuma tambayi sa'arta da suka yi wasan gaɗa tare. In amsoshin sun dace da juna, a rubuta. In sun saɓa, a sake zama da ita wata rana kafin a ɗauki awon komai.