Tsoffin kotunan Singafo da ke kewaye da filin Padang

A tsakiyar birnin Singafo akwai wani fili mai ciyawa da ake kira Padang, kalmar Malay ce da ke nufin fili. Tun zamanin mulkin Turawan Ingila a kewayensa ake kafa gine-ginen hukuma, kuma a nan shari'ar ƙasar ta yi ta sauya mazauni kusan shekara ɗari biyu ba tare da ta bar unguwar ba.

Mafi tsufa a cikin waɗannan gine-gine asalinsa gidan zama ne. A 1827 wani mai zanen gini, George Coleman, ya kammala shi domin wani ɗan kasuwa ɗan Sikotilan, John Argyle Maxwell. Mai gidan bai taɓa tarewa a ciki ba, sai gwamnatin mulkin mallaka ta karɓe shi haya ta mayar da shi kotu. Daga baya majalisar dokoki ta zauna a cikinsa har zuwa 1999, kuma tun 2004 ya zama gidan wasanni da adabi.

Ginin da aka fi sani shi ne tsohuwar Kotun Ƙoli, wadda aka gina a inda otal ɗin Grand Hotel de l'Europe yake a da. Gwamna Shenton Thomas ne ya aza harsashinta ranar 1 ga Afrilu 1937, aka buɗe ta a watan Agusta 1939, ana saura 'yan makonni yaƙin duniya na biyu ya ɓarke. A ƙarƙashin dutsen harsashin an binne jaridu shida na ranar 31 ga Maris 1937 da wasu sulalla, da sharaɗin ba za a tono su ba sai shekara ta 3000. Frank Dorrington Ward na ma'aikatar ayyuka ne ya zana ginin, ya ɗora masa ƙubbar tagulla wadda ruwa da iska suka mayar kore. Mai kallo daga fili zai rantse da dutse aka gina shi, alhali yaɓe ne da aka ƙware wajen yi har ya yi kama da dutse, domin an yi aikin a lokacin da kuɗi suka yi ƙaranci. Ginshiƙan gaba da siffofin da ke samansu aikin wani Ba'italiye ne, Rudolfo Nolli. A tsakiyar siffofin akwai macen da ke wakiltar adalci riƙe da ma'auni, amma idanunta a buɗe suke, saɓanin yadda aka saba ɗaure su da ƙyalle a ƙasashe da dama.

Kusa da kotun akwai zauren birni, mai dogayen ginshiƙai 18 a jere, wanda aka gama a 1929. A cikinsa Janar Itagaki na Japan ya miƙa wuya ga Lord Mountbatten ranar 12 ga Satumba 1945, bayan mamayar Japan da ta fara a 1942. A nan kuma aka rantsar da Lee Kuan Yew a matsayin firaminista a watan Yuni 1959, shekara shida kafin cikakken 'yancin kai.

Da shari'o'i suka yi yawa, wuri ya yi kaɗan, Kotun Ƙoli ta koma sabon gini a bayan tsohon a 2005. Kamfanin Norman Foster ne ya zana shi, da wani faffaɗan faifai a samansa wanda ke fuskantar tsohuwar ƙubbar. Tun 1992 doka ta ba tsohuwar kotun da zauren birnin kariya, don haka maganar rushewa ba ta taso ba. Aka haɗe su da gadoji da rufin gilashi da ƙarfe mai tace hasken rana, aka buɗe su ranar 24 ga Nuwamba 2015 a matsayin gidan baje kolin zane-zane na ƙasa.

Abin yabo a aikin shi ne ba a goge alamun abin da tsohuwar kotun ta kasance ba. Ofishin alƙalin alƙalai yana nan, haka zagayayyen ɗakin littattafan shari'a. Daga cikin ɗakuna 12 da ake tsare waɗanda ake tuhuma an bar biyu yadda suke, matsattsu, da bencin kankare da ƙofar ƙarfe. Daga nan ake bi da mutum ta wani lungu da jama'a ba sa gani, ya hau matakala, ya ɓullo ta wata ƙofa a daɓen kotu ya tsinci kansa gaban alƙali. Mai ziyara a yau yana iya leƙa ɗakunan, ya ga inda mutane suka zauna suna jiran hukunci, a ginin da aka yi wa sojojin Japan shari'ar laifukan yaƙi a 1946.