Shin Ko Kun San? 'Yar Takardar Da Ta Kai Sojan Kudu Gida

Shin ko kun san cewa da Janar Robert Lee na sojojin Kudu ya miƙa wuya ga Janar Ulysses Grant na sojojin gwamnati a yaƙin basasar Amurka ranar 9 ga Afrilu, 1865, a ƙauyen Appomattox na jihar Virginia, ba a tsare sojojinsa a kurkuku ba? Kusan mutum 28,000 aka sallama, kowa da 'yar takardarsa da ba ta fi tafin hannu ba sosai.

Turawa na kiranta “parole”, kalmar Faransanci mai nufin magana, wato alkawarin da mutum ya ɗauka da bakinsa. Sojan ya yarda ba zai sake ɗaukar makami ya yaƙi gwamnatin Amurka ba. Ita kuma gwamnati ba za ta taɓa shi ba muddin ya riƙe alkawarin, ya bi dokar inda yake zaune.

A wani masaukin baƙi na ƙauyen, Clover Hill, aka girka injin ɗab'i, aka buga wajen guda 30,000 cikin 'yan kwanaki. Abin mamaki, kwamandojin waɗanda aka ci da yaƙin ne ke sa hannu a takardun yaransu. Mai riƙe da ita yana wuce shingen sojoji, ya hau jirgin gwamnati, na ƙasa ko na ruwa, kyauta, ya karɓi abinci a sansanin waɗanda jiya yake harbi. Wanda ke da doki ko alfadari na kansa aka bar masa, don lokacin shuka ya zo.

Grant fa ya taɓa shan zafin irin wannan rangwame. A Vicksburg, a 1863, ya sallami kusan mutum 30,000 a kan alkawari, daga baya ya tarar da wasunsu a fagen daga a Chattanooga. Duk da haka ya sake.

Kun san alkawarin ya ceci Lee kansa? A watan Yunin 1865 aka tuhume shi da cin amanar ƙasa a Norfolk. Grant ya ce atafau sharuɗɗan Appomattox sun hana, har ya nuna wa Shugaba Andrew Johnson zai ajiye aiki. Shari'ar ba ta yiwu ba.

Haƙƙin Lee na ɗan ƙasa kuwa sai 1975 aka mayar masa, zamanin Shugaba Gerald Ford, shekara 105 bayan mutuwarsa.