Haƙoran roba: abin da ya kamata ku sani kafin a cike muku giɓi

Babban mutum haƙora 32 gare shi, kuma wanda ya fita ba ya sake tsirowa. A Kafanchan da kewaye, sau da yawa giɓi daga faɗuwa kan acaɓa yake samuwa, ko daga ruɓaɓɓen haƙorin da aka yi ta danna wa kanumfari har sai da ya kai ga cirewa. Tsofaffi kuwa ciwon dasashi ne ke girgiɗe musu haƙora a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 23 cikin ɗari na masu shekara 60 zuwa sama ba su da ko ɗaya a baki.

Barin giɓi yana da illa. Haƙoran da ke gefe sukan karkato cikinsa, ƙashin muƙamuƙi ya dinga zaizayewa. Sai ka ga dattijo ya haƙura da nama da gasasshiyar masara, ya koma kunu da fate, yana ta ramewa ana cewa tsufa ne.

Ba a sayen haƙoran roba a tire. Likitan haƙori zai fara duba dasashi, ya jira miki ya warke, sannan ya cusa wani kwaɓi mai taushi a baki ya ɗauki siffarsa. Da wannan siffa ake ƙera na mutum shi kaɗai, ko guda ɗaya ne ko baki duka. Ku fara tambaya a asibitin tunawa da Patrick Yakowa da ke Kafanchan. In aikin ya fi ƙarfin nan, akwai asibitocin koyarwa a Jos da Shika.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗan ƙaramin haƙorin roba na gaba, mai guda ɗaya ko biyu. Idan ya yi sako-sako yana iya zarcewa maƙogwaro lokacin barci ko haɗiyar ƙwayar magani, ya maƙale a hanyar abinci. Likitocin kunne da hanci da maƙogwaro a Najeriya sun sha fama da wannan, kuma robar ba ta cika fitowa a hoton asibiti ba. Wanda ya haɗiye ya garzaya asibiti, kada a tura masa lomar tuwo wai ta wuce da shi. Haka kuma kada ku yarda wani mai yawo kasuwa-kasuwa ya liƙe muku shi jikin haƙoran gefe, domin abinci zai taru a ƙarƙashi ya ruɓar da masu lafiyar.

Makonnin farko bayan an sa haƙorin roba, magana takan ɗan sauya, yawu ya yawaita, amma baki zai saba. Da dare a cire, a wanke da buroshi mai laushi da sabulu, a jiƙa cikin kofin ruwa. Ruwan zafi na lanƙwasa shi. Ranar da ya fara motsi ko gurje dasashi, a mayar wa likita ya gyara.